Sallama a Ƙofar Kufai

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Kai Tanko, rufe bakin nan, ƙuda na neman masauki.

Wani ayari ne ya ɗauko gishiri, ya ɓata hanya a tsakiyar hamada. Salkunan ruwa suka bushe ƙaf. A cikin ayarin akwai wata mata, Gwamma, da goyonta. Jiya yaron na kuka, yau ko kukan ya daina. Shirun jariri kuwa ya fi kukansa ban tsoro.

Suna tafe, suna tafe, sai ga wani dutse ya tokare sama. Jikinsa ɗakuna ne birjik, wani bisa wani, kamar saƙar zuma. Mutanen da ne suka sassaƙa su, tun hamada tana da ciyawa. Ga zanen shanu a bango. Ba hayaƙi, ba kukan kaza.

Madugu Barmo ya ce, "Inda aka yi gari, an yi rijiya." Gaskiyarsa. Ya kutsa da takalminsa, ya leƙa nan, ya bankaɗa can. Ya fito baki cike da yashi.

Ƙanensa Jatau ya kutsa. Ya ga duwatsun wuya a tukunya, ya juye a aljihu. Ya fito yana tsalle, aljihu cike da kunamu.

Sai Gwamma. Ta tsaya a ƙofa, ta tuɓe takalmi. "Salamu alaikum, masu gida."

Shiru.

Barmo ya ce, "Ke Gwamma, kufai kike wa sallama? Shiga ki nema, ɗanki mutuwa yake!"

Ta sake sallama. Shiru. Ta yi ta uku. Shiru.

Ta ce, "Madugu, sallama uku ce. In ba a amsa ba, sai a juya. Gidan mutane ne."

Ta gyara goyo, ta juya. Ko hawaye babu, ƙishi ya shanye. Ni kaina nan wurin ne zuciyata ke karyewa.

Sai aka ji murya daga can ciki: "Wa ke sallama? Yi haƙuri, 'yata, tsufa ne. Kafin in miƙe aiki ne."

Ga wata tsohuwa ta fito, fatarta kamar dutsen, da ƙwarya a hannu. Ta ce, "Lale, lale. Tun da muka kwanta, masu shigowa ba iyaka. Mai sallama sai ke."

Ta shafa saniyar bango. Saniya ta sauko, ta tsaya, aka tatsa. Aka ɗiga wa yaro, ya haɗiye, ya tsala kuka har dutse ya amsa. Gwamma ta yi dariya, sannan hawayen suka zo.

Tsohuwa ta ɗaga falalen dutsen bakin ƙofa, wanda Barmo ya taka ya wuce. Rijiya ce, cike fal.

Barmo ya zaburo. Tsohuwa ta ce, "Malam, ban ji zuwanka ba."

Ya koma waje, shi da Jatau, suka tuɓe takalma, suka durƙusa, suka yi ta sallama. Ba ta amsa ba sai da raƙuma suka sha suka ƙoshi.

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma inda ta fito. Gida ko ya zama kufai, yana da masu shi. Kai Tanko, da ka faɗo mini ɗaki ɗazu kamar akuya, da kai nake.