Tsakuwa Huɗu a Bakin Randa

Akwai wata mata a garin Lafia wajen shekarar 1955, sunanta Sailuba. Tuwo take sayarwa a kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma duk garin an yarda da hannunta. Ita ma ta yarda da shi, har fiye da kima.

A shekarar damina ta yi gardama. Dawa ta yi wuya, doya ta gagari talaka. Ana cikin haka 'yarta ta fari, Sharifa, wadda ta dawo gida haihuwa, ta haifi namiji. Za a yi suna ranar Juma'a, Sailuba kuwa ta ci alwashin ba wanda zai zo gidanta ya tafi da yunwa.

Ranar Talata ta shiga kasuwa. Nan ta ga wani irin rogo da ba ta saba gani ba, manya-manya, farare tas, ga araha. Mai sayarwa wata 'yar ƙabilar Tibi ce, Hembadoon, wadda suke noma da mijinta a wajen Kwandere. Ta ce irin daga kudu aka kawo shi, yana yi ko ruwa bai wadata ba, kuma ko biri ba ya tona shi.

Sailuba ba ta tambayi abin da ya sa biri ke gudunsa ba. Ta saye kaya biyu.

Rogon da mutanen Lafia suka sani a lokacin mai daɗi ne, ana dafa shi a ci da ƙuli-ƙuli, wasu ma ɗanye suke gatsa. Shi ya sa Hembadoon ta riƙe bakin kwandon kafin a ɗauka. Hausarta ta kasuwa ce, amma ta yi bayani dalla-dalla: a ɓare, a jiƙa a randa, a riƙa sauya ruwa, a zubar da ruwan inda dabba ba za ta kai ba. Sai ya yi laushi ya yi tsami za a matse a shanya.

Sannan ta sunkuya ta tsinci tsakuwa huɗu ta zuba mata a hannu. Ta ce haka suke yi a gida: kowace safiya a ɗora guda ɗaya a bakin randa.

"Mama, in dutse bai cika huɗu ba, kar ka ba mutum. Wannan rogo yana da fushi."

Sailuba ta yi dariya har matan da ke gefe suka waiwayo.

"Ke baiwar Allah, shekarata ashirin a gindin murhu. Ki fara gyara Hausarki, sannan ki koya mini girki. Akwai abin da wuta ba ta kashewa?"

Ta watsar da tsakuwar a kan hanya. Hembadoon ta bi ta da ido kawai.

A gida Sailuba ta yi nata lissafin. Kwana huɗu a ruwa zai wuce ranar suna. Bayan haka, ba ta son a ce tuwonta yana warin tsami. Ta ɓare rogon ta jiƙa, washegari da safe ta tsame, ta yayyanka ta baza a rana. Ruwan kuwa ta tuttular a bayan ɗaki, ya kwanta a wani rami.

Kafin azahar aka tarar da akuyar gidan kwance a gefen ramin, ƙafafu a miƙe, kumfa a baki. Da safe lafiya lau take cin dusa.

Mijinta, Malam Na'Allah, ya daɗe tsaye a kan mushen. Ya tambaya ko ruwan rogon nan ta sha. Sailuba ta ce hassada ce ta maƙwabta, sun ga ana shirin biki. Ta sa aka ja akuyar zuwa bayan gari, ta ce kada wanda ya faɗa wa mai jego.

Garin ya fito fari kamar auduga. Matan da suka zo taya daka suna ta yabawa. Ɗaya daga cikinsu ta ce ƙudaje ba sa sauka a kai, aka yi dariya aka wuce.

Ranar Juma'a aka raɗa suna, aka yanka rago. Goro ya ƙare, Malam Na'Allah ya koma kasuwa ƙaro wani. Ya ci karo da Hembadoon a gaban kayanta, ya gane irin rogon ne, ya yi mata godiya, ya ce ai rogonta ma yana kan wuta yanzu haka.

Ta ƙirga kwanakin da yatsunta. Ta tambaye shi ina aka zubar da ruwan. Ya faɗa mata, har da zancen akuya.

Ba ta ɗauki ko kwandonta ba. Ta ce ya shige gaba da sauri.

Sun iso gidan cike da mata. An kwashe tuwo, malmala a jere cikin akussa, ga miyar kuɓewa da gishirin Keana tana ƙamshi. Jira kawai ake maza su sauko daga masallaci a fara rabo.

Hembadoon ta ratsa mutane ta tsaya tsakanin tukunya da akussan, ta ce kada kowa ya taɓa. Sailuba ta miƙe da muciya a hannu, ta tambaya wa ya gayyato mai rogo, ko ta zo ne ta kunyata ta a gaban dangi.

Hembadoon ta gutsuri tuwon ta marmasa wa kajin da ke yawo a tsakar gida. Suka yi rubdugu a kai. Ba a daɗe ba wata kaza ta fara tangaɗi, ta zauna, ta buɗe baki tana haki. Ta biyu ta bi ta.

"Wa ya ci?" in ji Hembadoon.

Kowa ya san al'ada: akushin farko na mai jego ne. Sailuba da hannunta ta kai shi ɗaki, ta ce a ci da zafi don nono ya kawo.

Saboda kunyar ɗan fari, tun da ta haifi Sharifa ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ranar ta kira, sau uku, tana gudu.

Sun same ta jingine da bango, jariri a gefe, akushin ya yi rabi. Ta ce ɗakin yana juyawa, kanta kamar zai tsage. Hembadoon ta ɗaga ta zaune, ta sa aka kawo manja ta ɗura mata, ta sa mata yatsa a maƙogwaro har ta amayar. Ta hana a ba jaririn nono, ta ce a ɗauki mai jego zuwa ɗakin shan magani ba tare da jiran kowa ba. Tuwon kuma ta tsaya a kai aka haƙa rami aka binne, har da miyar da ta taɓa shi.

Kwana uku Sharifa ba ta san wanda ke kanta ba. Matar da aka yi wa dariya a kasuwa ce ta riƙa zuwa daga Kwandere a ƙafa tana duba ta. Rana ta huɗu Sharifa ta buɗe ido ta nemi ɗanta.

Da Sharifa ta miƙe, Sailuba ta tafi Kwandere ta durƙusa a ƙofar Hembadoon. Hembadoon ta tashe ta, ta kai ta bayan gida inda randunanta suke, ta sake nuna mata daga farko.

Sailuba ta koma sana'a, a hankali masu ciniki suka dawo. Duk wanda ya shiga gidanta zai ga tsakuwa jere a bakin randa, kuma ba ta barin kowa ya taɓa su.

Sharifa ta yafe wa uwarta, tana zuwa gaisuwa kowace Juma'a. Amma in aka ajiye mata akushi, sai ta yi godiya, ta ce a ƙoshe take. Haka ta riƙa cewa har Sailuba ta rasu.

Darasi: Daɗewa a kan sana'a ba ya nufin ka san komai a cikinta. In wanda ya san abu ya gargaɗe ka, saurari abin da ya faɗa, kada ka tsaya duba yarensa ko tufafinsa, domin wanda girman kanka zai fara cutarwa shi ne wanda ka fi so. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu girka wa jama'a abinci.