Azurfar da Rahmatu Ta Wanke

Akwai wani manomi a Hunkuyi da ake kira Inuwa, a shekarun nan da aka sami 'yancin kai, lokacin da sabon kuɗin Nijeriya ya fara shiga ƙauyuka yana korar tsofaffin sulalla.

Inuwa yana da fadamar rake mai kyau, gadon mahaifinsa. Abin da ya rasa shi ne injin matse rake, irin wanda doki ke ja yana zagayawa. Kowace shekara sai ya jira masu inji sun gama nasu. Kafin a waiwaye shi rabin raken ya bushe, ko kuma ya sayar da shi ɗanye a wulaƙance. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Burinsa bai wuce ya ga inji a bakin fadamarsa, yana dafa mazarƙwailarsa da kansa ba.

Inuwa ba mugu ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, ba ya barin gida da yunwa. Ciwonsa ɗaya ne: yana cikin mazan nan da suke ganin in sun gaya wa matarsu abin da suke ciki, girmansu ya zube. Ko Zariya zai tafi, matarsa Rahmatu sai dai ta ga ana ba keke iska.

Wata rana ya kai gyaɗa sikelin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai kanti a Sabon Garin Zariya. Yana kwance lalitarsa zai sallami ɗan dako, sai wani tsohon sule baƙi ƙirin ya faɗo kan siminti, ya yi wata siririyar ƙara mai tsawo. Kwaran ya ɗago kai, ya ce a miƙo masa. Ya daɗe yana juya shi a ƙarƙashin gilashi.

"Wannan azurfa ce," in ji Kwaran. "A ƙasashen waje akwai masu tara irinsa, suna biya fiye da nauyinsa nesa ba kusa ba. Zan tafi ƙasarmu in daɗe. Ka tara mini kafin in dawo. Amma ban da mai huda, ban da wanda rubutunsa ya suɗe. Kuma kada ka kuskura ka wanke su. Baƙin nan shi ne shaidar tsufansu. In aka goge shi, sun zama kayan maƙera."

Daga ranar Inuwa ya sami abin yi. Duk abin da ya rage masa bayan kaka, azurfa yake mayar da shi. A lissafinsa, kuɗin takarda gara na iya cinyewa, sabon kuɗi kuma ana iya wayar gari a sake canza shi, amma azurfa tana nan yadda take.

Ran kasuwar Makarfi yana can, ta Ikara yana can, har Paki yakan taka kekensa. Sai ya tsuguna gaban 'yan koli da maƙera yana tona tasoshinsu. In ya ga wanda ya yi masa, ya jefa shi kan dutse ya kasa kunne. Na tagulla ƙararsa gajeriya ce, na azurfa kuwa sai ya yi ta amo. Sannan ya bi gefensa da farce ko maƙeri ya ɗan zage shi da magagari, ya ɗaga shi ga rana ya duba rubutun. Ya fi son mai kan tsohuwar sarauniya, da mai kan sarkin nan mai sanƙo, da manyan riyal masu faɗi da mahajjata ke dawowa da su. Sau da yawa yakan wuni yana zaɓe ya koma gida da ƙwaya ɗaya tak.

Bayan la'asar sai ya rufe ɗakinsa yana sake gwada su.

"Malam, wai mene ne nake jin yana ƙara a ɗakinka?" Rahmatu ta tambaye shi wata rana.

"Ba abin da ya shafe ki. Ki ji da tuwonki."

Ba ta sake tambaya ba.

Ana haka damina ta zo ta wuce har sau uku. Sai labari biyu suka iso wa Inuwa a tare. Kwara ya dawo, kuma wani Alhaji Tukur a Kudan zai sayar da injinsa saboda tsufa ya kama shi. Inuwa ya garzaya Kudan, suka daidaita. Alhaji Tukur ya ce zai jira shi zuwa lokacin da za a fara saran rake. In lokacin ya yi bai zo ba, akwai masu so.

Inuwa ya dawo yana murmushi shi kaɗai. Rahmatu ta ga fara'ar, ba ta san dalilinta ba.

Ran da ya tafi Makarfi zaɓensa na ƙarshe, a ranar Rahmatu ta shiga ɗakinsa za ta sake masa daɓe saboda Sallah ta gabato. Tana jan gado sai ta ga bakin tukunya a binne. Ta buɗe, ta tarar da kuɗi cike, duk sun yi baƙi kamar gindin tukunyar miya.

Tausayin mijinta ya kama ta. A zatonta danshin damina ne ya ɓata masa ajiya, kunya ta hana shi faɗa. Ta jiƙa tsamiya, ta tankaɗe toka, ta ɗebo yashi mai laushi irin wanda take wanke tasoshin jerenta da shi. Tun hantsi take gurza su ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi sanyi. Yatsunta suka saɓule, ba ta fasa ba. Da ta gama ta jera su a faifai, suna walƙiya, ta zauna tana jiran ya shigo ya yi murna.

Inuwa ya yi sallama, ya jingine keke, idonsa ya faɗa kan faifan. Ya tsaya cak.

"Malam, sannu da zuwa. Ka ga yadda suka fito? Ai da ka faɗa mini tun da wuri."

Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga. Fuskar sarauniyar duk ta yi zane-zanen yashi, rubutun ya dushe. Ya ɗauki wani, haka.

"Wa ya sa ki? Wa ya aike ki ɗakina? Kin san abin da kika yi kuwa? Wahalar shekara uku kika wanke mini da toka."

Rahmatu ta kalle shi, ta kalli hannuwanta. Muryarta a sanyaye ta ce, "Da na san da baƙinsu ake so, wallahi ko hure su ba zan yi ba. Na tambaye ka, Malam."

Ya kwashe kuɗin ya shige ɗaki, tuwon ma ranar bai taɓa shi ba.

Washegari ya kai su Zariya ko Allah zai sa a dace. Kwaran ya duba kaɗan ya ture faifan gefe. Ya ce ba abin da zai iya sai dai ya ɗora su kan ma'auni ya biya kuɗin nauyi, kamar yadda maƙeri zai yi. Abin da Inuwa ya karɓo ko rabin kuɗin inji bai kai ba. Kwaran ya ƙara da cewa yana nan har ƙarshen kaka, in an samo wasu masu kyau a kawo.

To a ina za a samo su? Kasuwannin duk Inuwa ya riga ya tsince su.

Daga Zariya bai zarce gida ba. Ya biya wajen Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifinsa, wadda ita ce ta nemo masa auren Rahmatu. Bayan sun gaisa ya ce, "Gwaggo, so nake ki zo ki raka ta gidansu. Ta je ta huta tukuna."

Tsohuwar ta sa ya ba ta labari tun daga farko. Tana kaɗi tana saurare, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ajiye mazarinta.

"To ita me ka gaya mata game da kuɗin?"

"Ban gaya mata komai ba. Ai ba maganar mata ba ce."

"Yarinya ta ga kayan mijinta sun yi baƙi, ta zauna ta wanke har hannunta ya saɓule, shi ne za ka kore ta? Da ta gani ta bar su, da cewa za ka yi ƙazama ce. Inuwa, bakinka ne ya ɓata kuɗin nan, ba tokarta ba."

Ya sunkuyar da kai. Maganar ta shige shi, don tun a hanya zuciyarsa ke gaya masa haka yana ƙin saurare.

Gwaggo Lantana ta miƙe da kyar, ta sauke jeren tasoshinta, ta ciro wani ƙulli daga ta can ƙasa. Ta kwance shi a gabansa. Tsofaffin sulalla ne da riyal, baƙaƙe, rubutunsu raɗau kamar jiya aka buga su.

"Na sadakina ne da na zare," in ji ta. "Kusan kowace tsohuwa a garin nan tana da irinsu. Tun da aka ce an canza kuɗi hankalinmu ke tashe. Maƙeri ba ya saye da daraja, 'ya'yanmu kuwa in suka ji labari, shi ke nan. Kai kana ta yawon kasuwanni, abin yana cikin ɗakuna. Amma ka isa ka shiga ɗakin matar wani ka ce ta sauke maka tasoshinta?"

Inuwa ya koma gida. Ya tarar da Rahmatu tana shafa man kaɗanya a yatsunta. Ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakinta, maganar ta yi masa nauyi, sannan ya tsuguna.

"Rahmatu, laifina ne. Ki yafe mini."

Ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage mata komai: Kwara, da Alhaji Tukur, da inji, da lokacin da ya rage. Ya ciro 'yan ƙwayoyin da ya zaɓo a Makarfi, ya nuna mata yadda ake sauraron amo, da yadda ake bin gefe, da irin rubutun da ake nema. Macen da ta saba tsince tsakuwa cikin shinkafa, wannan bai ba ta wuya ba.

"Zan shiga gidajen," in ji ta. "Amma da sharaɗi biyu. Ba zan cuci tsofaffi ba. Sai na gaya musu akwai mai saye fiye da maƙeri, in ba su abin da gobe zan iya haɗa ido da su. Sannan zan sayar da awakina in sa nawa jarin. Naka daban, nawa daban."

Da a da ne, da Inuwa ya sha mur. Ranar cewa ya yi, "Na yarda."

Rahmatu ta shiga aiki. Gidan barka, gidan suna, gidan gaisuwa, duk inda mata suka taru tana nan, Gwaggo Lantana tana yi mata jagora. Sai ta keɓe da tsohuwa a ƙuryar ɗaki, a sauke tasoshi, ta gwada kuɗin a kan dutsen niƙa. Mai huda ta mayar, ta ce a ajiye wa jika ta yi ado. Wanda ya yi, ta biya nan take, kuma ba mai jin sirrin wata a bakinta. Da labarin amanarta ya zaga, tsofaffi har daga Malikanchi suka riƙa aiko mata da ƙulli a cikin ƙwaryar gero.

Ana gab da fara saran rake Inuwa ya koma Zariya da ƙulli biyu, nasa da nata. Wannan karon Kwaran bai ture komai gefe ba. Ya biya kowane ƙulli daban, Inuwa ya kawo wa Rahmatu nata bai taɓa ba, ya wuce Kudan.

Kuɗinsa ya sayi inji cif. Sai Alhaji Tukur ya ce ai doki ba ya cikin cinikin, kuɗinsa daban ne.

Inuwa ya dawo da inji a kan amalanke, fuska ba walwala. Inji ba doki ƙarfe ne kawai a ajiye, ga rake ya nuna. Wannan karon bai shige ɗaki ya rufe ƙofa ba. Wajen Rahmatu ya nufa kai tsaye ya gaya mata.

Ta saurare shi, ta ɗauko ƙullinta ta ajiye a gabansa.

"Je ka sayo shi. Amma ka ji da kyau, Malam, ba rance ba ne, ba kuma kyauta ba ce. Dokin nawa ne. Haya zan riƙa ba ka."

Sai dariya ta ƙwace wa Inuwa, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Farin ciki ne ya cika shi, har da 'yar ƙwalla.

A shekarar ko sanda ɗaya ta rakensa ba ta bushe a fadama ba. Mazarƙwailarsa ta shiga kasuwar Makarfi, maƙwabta ma suka riƙa kawo nasu raken yana matse musu. Abokansa suna tsokanarsa, wai duk ran da aka ga inji a tsaye, to Inuwa ya ɓata wa uwargida rai. Shi kuwa ko a jikinsa.

Kullum da safe, kafin ya kwance dokin, sai ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya gaya mata raken wa za a matse yau, da inda za shi, da lokacin da zai dawo. Ba ta taɓa ce masa ya yi hakan ba. In ya gama sai ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam. A ba shi ruwa kafin azahar."

Darasi: Abin da ka ɓoye wa na kusa da kai don raini, wata rana da hannunsa zai ɓata maka shi, alhali alheri ya yi nufi. Ka yi shawara da iyalinka, kuma in fushi ya taso ka fara duba naka laifin kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman magidantan da har yanzu matansu ba su san abin da suke ciki ba.