Ƙarfen Jibrin da Jinin Delu

Akwai wani mai haƙar zinariya a gefen Ngaski, Sahabi sunansa. Duwatsun da ya haƙo, a tsakar gida ake daka su. Garin dutsen ya tashi ya kwanta kan tabarma, kan akushi, kan komai.

Sai ɗiyarsa Delu, da ba a daɗe da yaye ta ba, ta fara amai. Daga amai sai jijjiga, ido ya kafe.

Uwarta Hadiza ta kai ta asibitin ƙauye. Ma'aikacin, Gideon, ya duba ta ya ce, "Ban sani ba tukuna. Ina zaton ƙurar dutsen nan ce. Sai an auna jininta, da na yaron gidan da ba a daka. In suka zo ɗaya, to zatona ya faɗi."

Da Sahabi ya ji, sai ya yi tsaki. "Likitan da ka cewa bai sani ba, mi na amfaninai?"

Ya kwashe su zuwa kasuwar Yelwa, wurin Jibrin mai na'ura. Shi Jibrin bai taɓa cewa bai sani ba. Ka riƙe wani ƙarfe, allo ya yi walƙiya, ya karanto maka cutarka. Ya ce taifot ne da olsa, ya ba da gorar magani.

Gora ta ƙare, jijjiga ta ƙaru. Jibrin ya ce ba a ba ta kan lokaci ba. Aka sake. Ya ce an haɗa da nono. Aka sake. Ya ce ciwon ne ke fita.

'Ya'yana, kun ji? Ko ta warke ko ta ƙara lalacewa, shi dai yana da gaskiya.

Wata ranar kasuwa Hadiza ta kula duk wanda ke layi, taifot da olsa gare shi. Ta matsa gaban Jibrin. Ta ce, "Malam, auna ni nima."

Ta sa ƙarfen cikin hijabi, ta danna shi jikin tarwaɗar da ta sayo. Allo ya yi walƙiya.

"Hajiya, olsarki ta yi nisa. Ga sanyin mara."

Ta ɗaga hijabi. Layi duka ya ga ƙarfen jikin kifi.

Jibrin ko gezau. "To ai kifin Kainji ma na da olsa. Rashin yarda ke ɓata aiki."

Sahabi ya kama hannunta. "Haba Hadiza, cikin mutane?"

"Baban Delu, sake ni. Ɗiyata ka mutuwa."

Ta koma wurin Gideon. Aka ɗebi jinin yaran biyu, aka aika birni, aka jira. Na yaron gidan da ba a daka lafiya lau. Na Delu cike da gubar dalma.

An yi magani, an kankare ƙasar gidan, an fitar da turmi bayan gari. Delu ta rayu. Amma har yau in ubanta ya kira ta, kallonsa kawai take yi, miyau na zuba.

Jibrin kuwa an ce ya tsallaka ruwa da na'urarsa. Can ma layi na nan.

Darasi: Ilimin gaskiya yana yarda a gwada shi, kuma yana faɗa maka abin da zai nuna ya yi kuskure. Wanda ya san komai kuma bai taɓa faɗuwa ba, ku ɗauke ɗanku ku gudu. Ku tura wa iyaye mata, don Allah, kafin ya sauka kasuwarku.