Tsagar da Tunau Ya Gani a Ƙarƙashin Mota

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke bakin hamada, inda hanya take ƙarewa rairayi ya fara. Sunansa Tunau. Marigayi maigidana ne ya ba ni labarinsa, shi direba ne, kuma tun da aka kai shi makwancinsa labarin nan yake ta yawo a raina. Zan faɗa muku shi yadda na riƙe. 'Yan'uwana, ku saurara.

Tunau ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Sifirin mota yake gyarawa, wato fallayen ƙarfen nan masu lanƙwasa kamar baka da ake jerawa a ƙarƙashin mota, su ne ke ɗauke da nauyinta. Duk motar da za ta keta hamada, a garinsu take tsayawar ƙarshe. Yana da wata al'ada da direbobi ke ƙorafi a kanta: ba ya zaɓa wa mota sifirin tana wayam. Sai an loda mata komai, gangunan ruwa, gangunan mai, buhunan gero, mutane sun hau sun zauna, sannan ya kwanta ya shiga ƙarƙashi ya duba. In sifirin ya yi laushi, zai miƙe ya karye. In ya yi tauri da yawa, zai girgiza motar har ta warwatse. Kaya ne ke nuna masa wanda ya dace.

To, Tunau yana da 'yar fari mai suna Yalwa, tana aure can ƙetaren hamada, a wani garin masu gishiri. Rannan sai ga wani mai raƙuma da saƙo: Yalwa ta haihu, amma jiki ya ƙi, tana ta kiran iyayenta. Saƙon ma ya daɗe a hanya kafin ya iso. Mota ɗaya ce tak za ta ƙetara, ta wani direba Sallau, kuma in ta tafi ba a san ranar wata ba.

Gwamma, matar Tunau, ba ta sake zama ba. Ta ɗaure kanwa, ta ɗaure yaji da daddawa, ta kwance ta sake ɗaurewa. Ta leƙa ƙofar gida, ta dawo, ta sake leƙawa.

Ranar tafiya aka loda mota har ta yi tozo. Gwamma ta hau ta zauna kan buhu da ƙullinta a cinya. Ku lura fa, ranar nan ba wanda ya ce wa Tunau ya duba komai. Fasinja ne kamar kowa. Ya ɗora ƙafa kan taya zai hau, sai ya ga bayan motar ya zauna fiye da yadda ya kamata. Ya sauke ƙafar. Ya shiga ƙarƙashi.

Fallayen sun miƙe sarai, babu sauran lanƙwasa. Ya sa tsumma ya goge babban falle na sama, wanda ke riƙe da sauran, sai ga tsaga siririya kamar silin gashi.

Ku saurara nan. Ba wanda ya gani. Shi kaɗai ne a ƙarƙashin motar nan, shi da Ubangijinsa. In ya yi shiru, yanzu za a tashi. In ya yi magana, sai yadda hali ya yi. Ya kuma san abin da karyewar babban falle take nufi a tsakiyar rairayi, inda babu rijiya, babu inuwa, babu mai wucewa.

Ya daɗe a kwance. Sallau ya buga jikin motar da tafin hannu. "Baba, inuwa ka samu ne a ciki? In barci za ka yi, ka hau sama ka yi."

Aka yi dariya. Tunau ya fito, ya kakkaɓe rigarsa. Ya dubi Gwamma a sama. Ya sake ɗora ƙafa kan taya, ya sake saukewa.

Ya ce, "Sallau, motar nan ba ta tafiya yau."

Wuri ya kaure. Sallau ya rantse ya sha ƙetarawa da sifirin nan, ko tari motar ba ta taɓa yi ba. Ya ce a yi masa walda, Tunau ya ce ƙarfen sifirin ba ya riƙe walda. Ya ce a naɗe shi da roba, Tunau ya ce roba ba ta ɗaukar ganga. Aka ce to a rage kaya. Nan kowane ɗan kasuwa ya nuna kayan ɗan'uwansa. Wani ya ce a sauke gangar ruwa ɗaya, wata tsohuwa ta ce gara a sauke shi, ya fi gangar nauyi kuma ba a shan sa. Daga ƙarshe Sallau ya shiga da kansa, ya ga tsagar, ya fito yana zagin motar da wanda ya sayar masa da ita.

Tunau ya ce kayan nan sai sifirin mai kauri, kuma babu shi a garin. Akwai wata matacciyar babbar mota a wani ƙauye, sai an je an kwanto nata, an yanke, an huda, an daidaita.

Gwamma ta sauko. Ba ta yi magana a gaban mutane ba, sai da ta ja shi bayan rumfa.

Ta ce, "Malam, tun da nake da kai na taɓa sa baki a aikinka?"

Ya ce ba ta taɓa ba.

Ta ce, "To yau na sa. Ka ce musu za ta kai. Kai suke ji. Malam, Yalwa ce fa."

Ku da kuka haifa kun sani. Uwa ba ta kama sunan 'yar fari. Tun da aka raɗa wa yarinyar nan suna bai taɓa fita daga bakin Gwamma ba sai ranar nan. Tunau ya ji, ya dafa ginshiƙin rumfa.

Ya ce, "Na ji, Gwamma. Amma waɗanda ke kan motar can ma 'ya'yan wasu ne."

Ta juya ta koma ta zauna kan ƙullinta a tasha. Gida ma ta ƙi komawa.

Ya tafi ƙauyen da jaki, ya dawo da ƙarfe. Ya yi ta bugu, ya yi ta bugu. Abinci a tsaye yake ci. In an kira salla ya yi, yana sallamewa ya koma kan guduma. Fasinjoji suna kai da kawo a kansa. Wani ɗan kasuwa ya ce ai tsohon ne ya ƙirƙiro tsagar don ya samu aiki. Tunau bai ɗago ba.

Aka ɗaura sabon sifirin, aka sake lodi, kowa ya hau. Ya shiga ƙarƙashi. Ya fito ya ce gefen hagu ya fi zama, sai an ƙara falle ɗaya, a sauke kaya. Jama'a, a sauke kaya! Mutumin da 'yarsa ke kwance tana kiransa. Har Sallau sai da ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Tunau ya ce shi yake ji. Wuni guda ya sake tafiya a nan.

Sannan aka tashi. Kun san abin da ya faru a hanya? Ba komai. Mota ta hau tudu ta sauka, ta faɗa rami ta fito, ko ƙara ba ta yi ba.

Da suka isa, an riga an binne Yalwa. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Surukar Yalwa ta miƙa wa Gwamma jaririya, ta ce marigayiyar har ƙarshe tana tambaya ko an ji ƙarar mota.

Ba wanda ya gode wa Tunau. Ɗan kasuwan nan ma a tasha cewa ya yi, ga shi an zo lafiya, da ma ɓata musu lokaci kawai aka yi.

Bayan an watse daga zaman makoki, Gwamma ta same shi zaune a gindin bango. Ta ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya. Da mun tafi ranar nan, da sifirin ya karye?"

Da ya ce mata eh, da zuciyarta ta ɗan samu abin riƙewa. Da tasa ma ta samu.

Ya ce, "Ban sani ba, Gwamma. Wataƙila da ya kai mu. Abin da na gani na faɗa."

Sannan ta sunkuya ta ɗora masa jaririyar a hannu.

To 'yan'uwana, ga abin da nake so ku ɗauka. Gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin za ta biya shi a nan duniya ba. Wani lokaci ka faɗe ta, ta ci maka abin da ka fi so, kuma ba za a taɓa nuna maka masifar da ka tare ba. Duk da haka wajibi ce. Ke mai sayar da abinci, kin san miyar jiya ta fara juyawa. Kai mai mota, ka san tayar da ta suɗe. Ke mai karɓar haihuwa, kin san lokacin da abu ya fi ƙarfinki. Kowannenmu akwai abin da ya gani shi kaɗai, kuma akwai gaggawar da ke ce masa ya yi shiru. Kada ku yi shiru. Ku faɗa, ko da ku ne za ku makara.

Allah ya ba mu ikon faɗa, ya ba mu haƙurin abin da zai biyo baya, ya jiƙan waɗanda ba mu riska ba.