Indararon Gidan Jatau

A'a, Ladidi, ba kuskuren magina ba ne. Matso nan, kada ruwan ya jiƙa miki zane. Dalilin da ya sa indararon gidan nan yake zuba cikin tsakar gida, ba waje ba, tun zamanin Jatau ne, mai fataucin goro, wanda ya gina shi.

Shi ya fara soro a garin nan. Da aka gama, sai ya sa indararo ya leƙa waje, daidai bangon ɗakin maƙwabciyarsa Gwaggo Tabawa, wata tsohuwa makauniya mai daddawa.

Ta lalubo sandarta ta zo ta ce, "Jatau, ruwanka yana cin bangona."

Ya ce, "Haba Gwaggo, ni na aiko da ruwan sama?"

Ta ce, "To, na dai faɗa maka."

Yana da 'ya ɗaya tilo, Asabe, ita ce kakata. Shekararta biyar lokacin. Kullum tana ɗakin Gwaggo Tabawa, don tsohuwar na ba ta ƙanzo.

Wata rana da hantsi aka tsuge da ruwa har azahar. Jatau na zaure, sai ya ji rim! Bangon Gwaggo Tabawa ya faɗi. Matarsa ta fito ba ko ɗankwali, tana cewa, "Asabe tana can!"

Ya ruga. Ɗaki ya zama tudun laka. Ya durƙusa yana tono da hannu, yana kiran sunanta, har faratansa suka yi jini. Ya ciro ɗan takalminta guda, sai ya zauna daɓas cikin taɓo.

Can sai ya ji an ce, "Baba, me kake nema?"

Ga Asabe a ƙofar madafa, bakinta duk ƙanzo, tsohuwa riƙe da hannunta. Ashe ta ji ƙasa na zubowa ta cikin bango, ta janye yarinyar.

Tsohuwa ta ce, "Tashi, ɗan nan. Sai dai tukwanena sun tafi."

Kafin la'asar Jatau ya hau soro da kansa ya juya indararo ciki. Ya gina mata sabon ɗaki, ya ce ruwan gidansa ba zai ƙara taɓa bangon kowa ba.

Shi ya sa har yau, da damina, sai mun tattare zane kafin mu ƙetare tsakar gidan nan, kuma ba wanda ya taɓa gyarawa.

Ki bar ni haka, na ji sallamar baƙi a zaure.