Sawun Taya a Ƙofar Makaranta

Akwai wani direban motar makaranta da ake ce wa Dogo. Ranar Talata, ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe, wani mai keke ya faɗo gaban motarsa a bakin ƙofar makaranta. Ya taka birki, tayoyi suka ja ƙasa, mota ta tsaya. Wata ɗaliba ta bugi kujerar gabanta, goshinta ya kumbura.

Dokar makarantar, kada gudu ya wuce kilomita talatin a awa. Mahaifin yarinyar ya zo yana huci.

"Sittin yake yi! Ku kore shi yau."

Shugabar makaranta ta karɓi makullin motar. Dogo ya shiga roƙonta, domin da wannan aikin yake ciyar da iyalinsa.

Sai ga malamin fiziks, dattijo marar hayaniya, da igiyar awo a hannu.

"Malam, ka cece ni," in ji Dogo.

"Ba cetonka na zo yi ba, ɗan'uwa. Abin da titi ya faɗa shi zan rubuta, ko da zai kore ka."

Ya durƙusa ya auna baƙin sawun tayar, ya rubuta, ya rufe littafi. Sannan ya roƙi shugaba ta mayar da makulli. Ya zauna kusa da Dogo, ya sa shi ya ja motar, idonsa a kan allurar gudu. Da ta kai talatin ya ce, "Taka!" Aka auna sabon sawun: mita biyar.

Mahaifin ya yi tsaki. "Yanzu da igiyar tela za a yi mana shari'a? A sittin ma ai mita goma ne, ɗan bambanci."

"A'a, yallaɓai, ashirin ne. Birki ɗaya, titi ɗaya, idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa yakan ninka huɗu. Da sittin yake yi, da yanzu gawar mai keke muke ɗauka."

Malam ya buɗe littafin, ya miƙa wa mahaifin domin ya karanta awon farko da bakinsa. Dogo ya runtse ido.

Muryar mutumin ta yi ƙasa: "Mita biyar da santimita ashirin." Kusan daidai da sawun gudun talatin ke nan.

Darasi: Kada ku yanke wa mutum hukunci da zafin rai alhali ana iya aunawa. Mai ilimi na gaske yakan auna kafin ya san wanda awon zai wanke. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da abincin wani a hannunsa.