Musayar Mai Tsaron Gida Bayan Cin Kofi

Ka taɓa ganin wanda nasara guda ta sa ya fara yi wa abokansa kallon kayan musaya?

Akwai wani ɗalibi mai suna Abdulwahidu da ke digiri na uku a Kuala Lumpur. Shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon ɗaliban Arewa mazauna unguwar Sentul. Mai tsaron gidansu, Shafi'u, amininsa ne tun daga Kano. Jirgi ɗaya ya kawo su Malesiya, ɗaki ɗaya suka zauna kafin matansu su iso.

Bara ƙungiyar ta ci kofin gasar ɗaliban ƙasashen waje. Shafi'u ne ya tare fenareti biyu a wasan ƙarshe, amma tun ranar Abdulwahidu ba ya da zance sai "tsarina" da "dabarata".

Sai ya ƙwallafa rai kan Adnan, ɗan gaban ƙungiyar unguwar Kampung Baru, mai ƙafar hagu kamar bindiga. Suka ce ba za su sake shi ba sai an ba su Shafi'u. Nan take ya amince. Ya kuma yi wa Adnan kwantiragin shekara uku: shi ne kyaftin, kuma ba zai taɓa zaman benci ba.

Matarsa Hafsatu ta ce, "Abban Zuhra, ka yi magana da Shafi'u kuwa?"

"Harkar ƙwallo ce, Hafsatu. Haka manyan kulob suke yi. Gola ai ko'ina akwai shi."

"To shi Adnan ɗin, saura nawa ya gama karatu?"

"Ke dai zubo mana abinci."

A zauren WhatsApp na ƙungiya Shafi'u ya ga labarin. Washegari ya iske Abdulwahidu a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawan Malesiya, inda suke shan shayi.

"Koci, ashe an sayar da ni? Ko sallama babu?"

Abdulwahidu ya yi dariya. "Haba mutumina, musaya ce kawai! Kampung Baru ɗin nan kusa ce, ba Legas aka kai ka ba."

Shafi'u ya dube shi, ya tashi ya bar shayinsa bai kurɓa ba.

Sabuwar gasa ba ta yi nisa ba Adnan ya kare kundin bincikensa, jami'ar da ta turo shi daga gida ta ce ya dawo bakin aiki. Bizarsa ta ɗalibi ce, ta ƙare tare da karatun.

Abdulwahidu ya ce, "Kwantiraginmu fa? Shekara uku muka yi da kai!"

Adnan na ɗaure akwati ya ce, "Koci, je ka karanta wa jami'an shige da fice, ko za su ji tausayinka."

Ba ɗan gaba, ba gola. Aka riƙa zura musu ƙwallaye har 'yan wasa suka fara ɓuya ranar atisaye. Dole Abdulwahidu ya hau jirgin ƙasa zuwa Kampung Baru, ya tari Shafi'u a ƙofar masallaci bayan La'asar.

"Ɗan'uwa, na yi kuskure. Ka dawo gida."

Shafi'u ya ce, "Na yafe, Malam Abdulwahidu. Amma mutanen nan sai da suka tambaye ni ko ina so kafin su ba ni riga. Ina nan."

Bayan 'yan watanni matar Shafi'u ta haihu. Duk 'yan Arewan Sentul suka je suna, ban da Abdulwahidu. Hafsatu ta dawo da ledar abinci, ta ajiye a gaban mijinta.

Ya ce, "Ya tambaye ni?"

Ta ce, "Ya ce a gaida koci."

Darasi: Kofi ɗaya ba ya mayar da kai masanin gobe. Kafin ka ɗaure kanka da dogon alkawari, bincika ko mutumin zai zauna. Kafin ka yi musayar wanda ya tsaya maka, zauna da shi ido da ido, domin yafiya na iya samuwa amma zumuncin ya ƙi dawowa. Tura wannan ga duk wanda ke jagorantar mutane, kuma idan akwai aminin da ka yasar, ɗauki waya ka kira shi yau.